Matar Da Ta Zo Ta Baya

A karanta: Markus 5:21-43; Farawa 18:9-15

Kafin in fara ina roƙon iyayenmu mata da dattawa su yi mini gafara, gama maganar da na ɗauko a wannan wata ba irin wadda a kan yi a gaban jama'a ba ce. Magana ce a kan jikin mace sa'anda shekaru suka ja, al'adar wata ta fara ɗaukewa, da cututtukan da su kan ɓuya a bayan wannan lokaci. Ni kaina na daɗe cikin aikin bishara ina ganin wannan ba ruwan mai-wa'azi ba ne. Abin da ya sāke mini tunani wani kabari ne da na tsaya a bakinsa ina addu'a, zuciyata kuwa tana gaya mini da an buɗe baki da wuri, da wataƙila ba mu haƙa shi a shekarar nan ba. Zan komo kan wannan. Bari mu fara da Littafi tukuna.

Markus ya ba mu labarin wata mace wadda ta shekara 12 jini yana zuba mata. Ta zaga wurin masu-magani har abin hannunta ya ƙare, ciwo kuwa sai gaba ya ke yi. Ku lura da yadda ta zo wurin Yesu. Makafi su kan ɗaga murya a bakin hanya. Kuturu ya zo ta gaba ya durƙusa. Yayirus, shugaban majami'a, ya faɗi a gabansa kowa yana gani. Ita kuwa ta kutsa cikin taro ta baya, ta miƙa hannu ga tufarsa, tana so ta warke ta sulale ba wanda ya sani.

Don me? Wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 15 ya san dalili. Bisa ga shari'ar Musa, mace mai-zubar jini ba ta da tsarki muddar jinin yana zuba. Shimfiɗar da ta kwanta a kai da abin da ta zauna a kai duka sun ƙazantu, wanda ya taɓa su kuma sai ya yi wanka ya wanke tufafinsa. Ku ƙidaya da kanku. Shekara 12 ba ta zauna a tabarmar maƙwabciyarta da sakin jiki ba.

Da ta taɓa shi jinin ya tsaya nan take. To, ashe magana ba ta ƙare ke nan ba? Ana sauri, 'yar babban mutum tana bakin mutuwa, almajirai ma suna ganin tambayar Ubangiji ba ta da kai, tun da shi ke mutane suna matsa shi ko ta ina. Duk da haka ya tsaya, ya juya, yana neman wadda ta yi wannan. Matar ta fito jikinta yana rawa, ta zayyana masa labarinta duka, ba ta rage kome ba. Labarin shekara 12 ba ya ƙarewa da numfashi guda. Yayirus yana tsaye hankalinsa yana gida, Ubangiji kuwa yana sauraron wata matalauciya tana ba da labarin jininta. Sa'an nan ya kira ta ɗiyarsa, ya sallame ta lafiya. A nan ni ke ganin mafarin jiyya irin ta masu-bi: a tsaya, a juya, a saurara har mai-ciwo ta gama magana.

A kowace ekklesiya akwai masu-zuwa ta baya. Ku duba ran Lahadi a bencin da ke kusa da ƙofa ko taga. Za ku ga wata uwa mai-shekara 48 ko 50, wadda dā ita ce a gaba wajen waƙar Zumuntar Mata, yanzu ta koma can tana fifita da bakin mayafi ko da sanyin hunturu a ke yi. In an gaishe ta, ta ce lafiya lau. Ba ta san abin da ya same ta ba, ba ta kuwa san wanda za ta tambaya ba.

Ga abin da ke faruwa a jikinta, yadda ma'aikatan asibiti suka bayyana shi. A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu, kowanne bai wuce girman dabino ba. A cikinsu ƙwayayen haihuwa su ke tun ran da aka haifi yarinya. Ba su ƙaruwa, sai dai raguwa. Waɗannan gaɓoɓi su ne kuma ke zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke ce da shi istirojin. Shi ke tafiyar da al'adar wata, shi ke kiyaye ƙarfin ƙashi da danshin gaban mace. Sa'anda ƙwayayen suka kusa ƙarewa, sinadarin ya kan yi ta hawa da sauka, daga baya ya ragu ƙwarai. Sai al'ada ta rikice. Ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta tsallake wata biyu ko uku, ta komo. Wannan rikici ya kan ɗauki shekaru. In aka cika wata 12 cur ba a gan ta ba, ba ciki, ba goyo, ba wani magani da ya tsai da ita, to, ta ɗauke ke nan. Ga yawancin mata ko'ina a duniya wannan ya kan auku tsakanin shekara 45 da 55. In ya zo kafin shekara 40 ya yi wuri, sai a ga likita.

Ba cuta ba ce, ba jifa ba ne, ba kuwa horon wani zunubi ba ne. Wanda ya sa wa damina lokacin faɗuwa, shi ne ya sa mata lokacin ɗaukewa. Littafi Mai-Tsarki ma bai ji nauyin faɗin abin ba. A Farawa sura 18 an gaya mana a fili cewa al'adar mata ta riga ta ɗauke wa Saratu. In Ruhun Allah ya yarda a rubuta wannan domin a karanta a cikin jama'a, mu wane ne da za mu fi shi kunya?

Amma ko da shi ke ba cuta ba ce, tana da wahala, ga waɗansu kaɗan, ga waɗansu da yawa. Da izinin uwargidana ni ke ba da labarin da ke biye. Tana da shekara 47 sa'anda abin ya fara mata. Da tsakad dare sai ta farka, zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau wuya da fuska kamar an tura ta bakin murhu, zuciya tana bugawa, gumi ya jiƙa zane sharkaf. Bayan 'yan mintoci ya wuce, sanyi ya biyo baya. A dare guda ya kan zo sau uku ko huɗu. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, muka sayi magani a kemis. Muka ce taifot ne, muka sāke saye. Barci ya ƙaurace mata. Da rana abu kaɗan sai faɗa, abu kaɗan sai hawaye, ta ajiye mabuɗi ta manta inda ta sa shi. Ni kuwa me na yi? Na buɗe Littafi na yi mata wa'azi a kan haƙuri da tawali'u. Wata rana har na ce mata, "Maman yara, ina ganin addu'arki ce ta yi sanyi." Ba ta amsa ba. Ta tashi ta shiga ɗakin girki. Daga baya na ji cewa can ta zauna ta yi kuka, tana zaton ko hankalinta ne zai taɓu, ko kuwa Ubangiji ne ya juya mata baya.

Wadda ta taimake mu wata tsohuwar nas ce a cikin ekklesiyarmu, wadda ta riga ta bar aiki. Ta lura da ita a wurin sujada, ta biyo ta gida, suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa wajen sa'a biyu. Ta tambaye ta yaushe ta ga al'ada ta ƙarshe, da yadda ta ke zuwa. Ta auna ta ko akwai hawan jini. Ta duba cikin idonta da tafin hannunta ko jini ya ragu. Ta tambaya ko akwai tari ko ramewa, gama gumin dare tare da tari da rama ya kan zama alamar tarin fuka, wannan kuwa hanyarsa dabam ce. Da ta fito ta same ni a zaure, ta ce, "Baba Fasto, Mama lafiyarta lau, bangaskiyarta ma lafiya lau. Lokaci ne ya yi. Ba wa'azi ta ke bukata yanzu ba. Barci ta ke bukata, da wanda zai ɗauke mata daka da ɗiban ruwa." Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya gargaɗi mazaje su zauna da matansu da fahimta, ya kuma nuna rashin yin haka ya kan tare addu'a. Ashe in akwai addu'ar da ta yi sanyi a gidan, tawa ce.

Abin da nas ɗin ta koya mana ba mai-tsada ba ne. Tufafin auduga marasa-nauyi, ruwan randa a kusa da gado, ɗaki mai-iska. A rage barkono da shayi mai-zafi da dare, in an ga su ke tayar da zafin. Tafiya a ƙasa kowace rana. Ta ce bayan sinadarin nan ya ragu ƙashi ya kan yi saurin rauni, har faɗuwa kaɗan a makewayi ta karya ƙugu ko wuyan hannu. Domin haka a riƙa ba uwa nono ko kindirmo, da zogale, da riɗi, da ƙananan busasshen kifi da a ke ci da ƙayarsu. Kada a ce nama da nono na maigida ne da yara, ita ta ci ƙanzo. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya kuma su kan yawaita a waɗannan shekaru, ba su kuwa yin sallama, sai a riƙa zuwa awo. Zafin nan ya kan daɗe, ga waɗansu har shekara 7 ko fiye, amma ya kan lafa. Wadda ya hana ta barci da aiki sam, akwai magani a asibiti mai-mayar mata da kaɗan daga cikin sinadarin da ya ragu, yana kuwa aiki sosai. Sai dai ba na kowa ba ne. Wadda ta taɓa yin sankarar nono, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko tana zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, bai dace da ita ba. Likita ne zai auna ya zaɓa, ba mai-kemis ba. In kuwa baƙin ciki ya danne mace makonni, ta daina cin abinci, tana zancen gara mutuwa, wannan ya wuce a ce mata ta yi haƙuri. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti.

Yanzu ku mazaje, ku matso. Akwai wani abu da matanku ba za su iya gaya muku ba. A wannan lokaci gaban mace ya kan bushe, fatar ciki ta yi sirara, har kwana da miji ya zama mata azaba. Ta kan yi ta ba da hujja, kai kuwa ka ɗauka ta tsane ka. Na san gidajen da suka yi shekara 25 cikin salama suka lalace a nan. Maigida ya fara daɗewa a waje, ko ya kawo yarinya, ya bar teburin Ubangiji, yana cewa tsohuwar ta gama amfani. Abin kuwa yana da sauƙin magani. Akwai man shafawa da aka yi domin wannan, akwai kuma wani da likita ke rubutawa. Da kun je tare kun tambaya, da an gama. Ran da ka tsaya da ita a gaban ekklesiya ka yi alkawari, ba ka ce sai ran da ta daina haihuwa ba. Ku kuma sani, muddar wata 12 ɗin nan ba su cika ba, ciki yana iya shiga.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Uwar nan da zafi ya hana ta barci ta kan fito tsakar gida da dare ta sha iska. Wani ya hange ta. Ga shi kuma kwanan nan ta cika faɗa, tana magana ita kaɗai. Sai ɗan maƙwabci ya kwanta da zazzaɓi, sai raɗa ta tashi, wai mayya ce. Na ji wannan kalma daga bakin waɗanda aka yi wa baftisma. Wanda ya ɗora wa uwa irin wannan suna ya karya doka ta tara, zai kuwa amsa a gaban Allah. Dattawan ekklesiya, in kun ji irin wannan raɗa, kada ku jira ta girma.

Bari in yi magana da taushi ga 'yar'uwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, ko wadda 'ya'yanta ba su zauna ba. Ga sauran mata ɗaukewar al'ada hutu ne daga wanki da ciki da goyo. Gare ta kuwa kamar an rufe ƙofar da ta shekara 20 tana zaune a bakinta. Ba abin mamaki ba ne in ta ce ciki ne da ita, ya kwanta. Mutanenmu sun daɗe suna zancen kwantaccen ciki, wai ya kan kwanta shekara biyu ko uku sa'an nan ya tashi. Ba haka Allah ya shirya ba. Ciki wata tara ne, awon fitsari ko hoton ciki kuwa ya kan nuna gaskiya a yini guda. Sau da yawa abin da ya kumbura marar ƙari ne a jikin mahaifa. Irin wannan ƙari yana da yawa ga matan Afirka. Ba sankara ba ne, ya kan ma ƙanƙance bayan al'ada ta ɗauke, amma kafin nan ya kan sa jini ya zuba da yawa har mace ta yi fari fat, tana haki in ta hau tudu kaɗan. Akwai masu-kiran kansu annabawa da ke cin abinci da hawayen irin waɗannan mata. Su karanta mata labarin Saratu, su karɓi akuya, su ce ta jira. Haihuwar Ishaku al'ajibi ne da Allah ya yi domin alkawarinsa ga Ibrahim, shi kansa ne kuwa ya faɗi lokacin. Bai ba kowa izini ya sayar da wannan alkawari ba. Wanda ke ƙaunar wannan 'yar'uwa zai raka ta awo, in gaskiya ta fito da ɗaci ya zauna da ita ta yi kukanta, kada a yi saurin toshe mata baki da aya. Bayan haka a tuna mata da Hannatu annabiya a Luka sura 2, tsohuwa gwauruwa wadda ba a ambaci ɗa ko jika nata ba, amma ta ga jaririn nan Yesu a Haikali, ta yi ta ba da labarinsa ga masu-sauraron fansa.

Yanzu na komo kan kabarin da na ambata. Uwa ce mai-shekara kamar 56, al'adarta ta ɗauke tun da daɗewa. Wata rana ta ga ɗigon jini. Ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta yi dariya ta ce ƙuruciya ce ta komo. Jinin ya ɗauke, ya sāke zuwa. Daga nan sai wani ruwa mai-wari ya fara fita. Ta ce sanyi ne, ta yi ta sayen maganin sanyi. Ta koma bencin baya domin kada a ji warin, daga baya ta daina zuwa sujada ɗungum. Mu dattawa muka tafi gidanta mu ji dalilin da ya sa ta bar taron masu-bi. Ta ce, "Jiki ne, Baba." Muka yi addu'a, muka tashi. Ba wanda ya tambaya wane jiki. 'Yan'uwanta suka kai ta wani gidan addu'a inda aka ce aikin maƙiya ne, tumakinta suka ƙare a can. Kafin a kai ta asibiti an kusa shekara biyu. Likita ya ce ciwon dajin bakin mahaifa ne, ya riga ya bazu, abin da ya rage sai rage mata zafi.

'Yarta da tsohuwar nas ɗin nan su ne suka yi jiyyarta a gida. A wurinsu na ga abin da a ke nufi da jiyya. Su wanke ta da ruwan ɗumi safe da yamma, su sāke mata ƙyalle da zarar ya jiƙe, su juya ta bayan kowace sa'a biyu domin kada kwanciya ta ci mata baya. Maganin zafi su ba ta a kan lokacinsa, ba su jira sai ta fara nishi. Taga a buɗe. Ban taɓa ganin ɗayarsu ta toshe hanci a gabanta ba. Wata rana na ce mata, "Mama, don me ba ki faɗa mana tun da fari ba?" Ta dube ni ta ce, "Wa zan gaya wa, Baba? Ku duka maza ne a kujerar dattawa."

Domin haka ku riƙe wannan, ku gaya wa wadda ba ta iya karatu ba. In al'ada ta ɗauke wata 12, kowane jinin da ya fito bayan nan, ko ɗigo guda ne, ko sau ɗaya ne, ba al'ada ba ce ta komo. A tafi asibiti a makon nan. Sau da yawa a kan tarar abin ƙarami ne, kamar fatar ciki da ta bushe ta tsage. Amma wani lokaci shi ne sallamar fari ta ciwon daji, na bakin mahaifa ko na cikinta, wanda in an kama shi da wuri a kan warke. Haka kuma jinin da ke fita bayan kwana da miji, da wanda ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, da wanda ya wuce kwana 7 yana zuba da gudaji, da ruwa mai-wari, da ƙulli a nono, da jin kamar wani abu yana zazzagowa ta gaba. Kada a cusa kanwa ko saiwa ko wani ƙullin magani. Kada kuwa a kira wanzami ya yi yankan gishiri, gama aska ta kan huda mafitsara ta bar mace da yoyon fitsari. Wadda wannan ya riga ya same ta, ko ta wurin yanka ko ta wurin doguwar naƙuda, ta sani ana ɗinke shi. Akwai wurin wannan aiki a Babbar Ruga a Katsina, akwai kuma a asibitin Bingham a Jos.

Ciwon dajin bakin mahaifa shi ne na biyu ga matan Nijeriya, bayan na nono. Wata ƙwayar cuta ce mai-suna HPV ke kawo shi. Ana ɗaukarta ta wurin kwana tare, tana kuwa da yawa ƙwarai a cikin mutane, maza da mata, har matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya samunta. Kada wani ya ɗauki dutse. Ga yawancin mata jiki ya kan kashe ta da kansa. Ga waɗansu ta kan zauna shiru shekara 15 ko 20 tana sāke fatar wurin kaɗan kaɗan. Wannan jinkiri alheri ne, gama a cikinsa a ke iya ganin ta. Nas ta kan shafa wani ruwan tsami na asibiti a bakin mahaifa, bayan minti guda wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi da wata 'yar na'ura cikin 'yan mintoci, tun bai zama daji ba. Waɗansu asibitoci kuma suna da awon da ke neman ƙwayar cutar kanta. Kada a jira al'ada ta ɗauke, tun daga shekara 30 a ke fara zuwa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri a auna mata aƙalla sau biyu, kafin su wuce shekara 35, da kuma kafin 45.

Kun lura Markus ya saƙa labarin matar nan a cikin labarin 'yar Yayirus? Ɗaya ta shekara 12 da ciwo, ɗaya shekarunta 12 da haihuwa, Ubangiji ya kula da su duka a yini guda. Mu ma kada mu manta da yarinyar. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu-shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan ƙwayar cuta, allura guda, kyauta. Na ji masu-cewa tana hana haihuwa. Ba ta hanawa. Na ji kuma masu-cewa za ta koya wa yara lalata. Allura ba ta koya wa kowa hali, mai-kyau ko mugu. Wannan aikinmu ne a gida. Jikokina mata duka an yi musu.

Ku 'ya'yanmu masu-aikin jiyya, nas da ungozoma da malaman ɗakin magani, gādo kuka ci. An buɗe asibitin Vom a 1922, na Galmi a ƙasar Nijar a 1950, na Evangel a Jos a 1959, domin waɗanda suka kawo mana bishara sun gane Yesu bai raba rai da jiki ba. Na san kun gaji, layi yana da tsawo, albashi ba ya isa. Amma uwar nan da ta iso gabanki ta yi wata shida tana tara ƙarfin hali kafin ta fito. Za ta fara da ciwon kai da ciwon baya, ainihin maganar tana can ƙarshe, in kika yi mata tsawa za ta koma gida da ita. Ki ja labule. Ki ce mata Mama. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana ganin jini ko ruwa, gama ta fi iya cewa i da ta fara faɗa da bakinta. Ki gaya mata abin da za ki yi kafin ki taɓa ta. In ta fi son mace ta duba ta, a nema mata. Ku kuma iyaye mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗa wa nas duka, kamar yadda matar nan ta faɗa wa Ubangiji.

Bulus ya rubuta wa Titus, sura 2, cewa tsofaffin mata su ne za su koya wa ƙanana. Mun mai da wannan koyarwar girki da ladabi kaɗai. Bayan jana'izar nan, Zumuntar Mata ta ekklesiyarmu ta zauna ba tare da mu ba. Suka zaɓi mata biyu, tsohuwar nas da uwargidana, suka sanar cewa kowace mace mai-damuwa irin wannan ta same su a gida, maganar kuwa ba za ta fita ba. Suka keɓe wani abu daga baikonsu domin kuɗin mota. Suka roƙi dattawa cewa in mace ta daina zuwa sujada, a fara aika su kafin maza su je da horo, muka yarda. Da tsohuwar zuma a ke magani, in ji su.

Tafiyarsu ta fari zuwa awo mota guda suka cika, suna waƙa kamar masu-zuwa taron shekara. An sami guda da farin tabon nan, aka yi mata aiki, ga ta nan tana buga tulu a gaba kowace Lahadi. Yanzu su kan tafi bayan kowane wata uku, ran kasuwa, tun da asuba. A irin wannan rana ni ke hura wuta in dama wa jikoki kunu. Sun ce har yanzu bai kai na kakarsu ba, amma suna sha.